Matan Kance da hanyar Aljeriya: yaran sun rayu, gonar ce ba ta ƙaru ba

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit ta ƙasar Nijar, saura 'yan kilomita kaɗan a kai iyakar Aljeriya. Motoci biyu ne suka kwaso su za su Tamanrasat. Motocin suka mutu a hanya, ruwan jarka ya ƙare, ƙishirwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da masu binne su suka ƙirga, maza bakwai ne kacal a ciki. Mata 33, sauran 52 ɗin kuwa duk yara ne. An iske wasu a gindin itatuwa, uwa da 'ya'yanta wuri guda. Gwamnatin Nijar ta ba da kwana uku na zaman makoki. Ba a cika shekara uku ba, a watan Yuni na 2016, aka sake tsintar gawa 34 kusa da Asamaka, garin kan iyakar Aljeriya, 20 daga ciki yara.

Abin da ya tsaya mini a rai tun wancan lokaci shi ne inda mutanen nan suka fito. Galibin waɗanda suka mutu a 2013 'yan ƙasar Kance ne, wato yankin Matamaye a jihar Damagaram, dab da Daura. Wanda bai san Nijar ba zai zaci ƙasar fari ce, rairayi zalla. Kance kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar baki ɗaya. Ga fadamun Korama, ga rake da ake lodi mota-mota, ga rogo da kayan lambu. Da a ce fari ne kaɗai ke korar mutum daga gida, da mutanen Tanut da na Gure sun riga su cika motocin Arlit. To me zai sa matar da ke zaune a ƙasar rake ta goya ɗa, ta riƙo hannun biyu, ta doshi hamadar da ko kakanta bai taɓa takawa ba?

Amsar da na gamsu da ita tana da nauyin faɗa, domin da alheri ta soma. Yaran da a dā suke mutuwa sun daina mutuwa. Gonar da za ta ci da su kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta.

Kakata ta wajen uba ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka yi rai. Ban taɓa jin ta faɗi wannan a matsayin abin mamaki ba, domin duk tsararrakinta haka suke. Ƙyanda ta ɗauke mata biyu a bazara guda. Sauran kuwa zazzaɓin damina ne da gudawa, da ciwon da ba a san sunansa ba sai a ce iska. A unguwarmu har yanzu akwai tsofaffi masu suna Ajuji da Ayashe, sunayen da akan sa wa ɗan wabi don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ka duba yaran firamare na yau ka gani ko za ka samu Ajuji ɗaya a aji. Sunan yana ɓacewa ne saboda tsoron da ya haife shi ya ragu, kuma wannan abin godiya ne ga Allah, ba abin da zan taɓa yarda a kira shi matsala ba.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da ido ya gani. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa da rai, 318 ba sa kaiwa shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A 1998 adadin ya sauko 274, a 2006 ya koma 198, a 2012 kuma 127. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka yi irin wannan saukowa cikin shekara ashirin, balle ƙasa mai ƙarancin kuɗi irin Nijar. Kuma ba da wani babban asibiti aka yi ba. Zamanin Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara. Tsakanin 2005 da 2006 aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a duba shi kyauta, haka awon ciki da fiɗar haihuwa, ko da yake gwamnati takan daɗe ba ta biya asibitoci kuɗinsu ba, har magani ya yanke. Aka raba gidan sauro mai magani, aka dage da allurar ƙyanda da ɗigon bitamin A, uwaye suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari. Bayan yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a Maraɗi, cibiyoyin kula da masu tamowa suka yawaita, da abincin nan na gyaɗa da madara da ke tayar da yaron da aka riga aka cire rai da shi. A 2010 aka shigo da sabuwar allurar sanƙarau, daga baya kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bin gida-gida ana ba yara wata-wata a damina. Ƙananan abubuwa ne, amma su suka cika gidajenmu da yara.

Haihuwa kuwa ba ta motsa ba. A binciken 2012 mace a Nijar takan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaicin lissafi, mafi yawa a duniya, a Damagaram da Maraɗi ma abin ya haura takwas. Jikar kakata za ta haifi abin da kakata ta haifa, sai dai ita nata bakwai ne za su girma maimakon huɗu. Shi ya sa ƙasar da ke da mutum miliyan uku da 'yan kai a 1960 ta kai miliyan 5.1 a ƙidayar 1977, miliyan 7.2 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17.1 a 2012, yau kuma ta haura miliyan 25. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, ma'ana jama'a na ninkawa duk bayan shekara goma sha takwas ko makamancin haka. Kusan rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 15 ba.

Masana yanayin ƙasa da yawan jama'a sun daɗe da sanin wannan tsari. A kusan kowace ƙasa mutuwa ce ke fara sauka, haihuwa ta biyo baya a makare, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke ninka jama'a. Turai ta bi ta nan. Abin da ba a cika tuna mana ba shi ne yadda Turai ta yi da nata rarar. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajajen 1930, sama da mutum miliyan 50 suka bar Turai suka tafi Amurka da Ajantina da Barazil da Ostareliya. Talakawan Italiya da na Ailan da gona ta yi musu kaɗan sun hau jirgin ruwa da rana tsaka, ba wanda ya kira su 'yan fasa-ƙwauri. Ƙasashen da suka baro ne daga baya suka ba da kuɗi a tare hanyar Agadas. Duk lokacin da na tuna wannan raina yakan ɓaci.

Mu koma Kance. A ƙidayar 2012 yankin na da mutum kusan dubu 400 a ɗan fili, fiye da mutum 150 a kowace murabba'in kilomita, alhali matsakaicin ƙasar bai kai 14 ba. Albarkar wurin ce ta tara mutane a cikinsa, ita ce kuma yanzu ta yi musu kaɗan. Na ga yadda abin ke faruwa a gidanmu. Gandun kakanmu babba ne, mutum yakan gaji kafin ya zagaye shi, kuma kowace shekara akan bar wani sashe saura ya huta. Da ya rasu aka raba wa 'ya'yansa. Da su ma suka fara tafiya aka sake rabawa. Yau wani ɗan baffana abin da ya gada kunya-kunya ne da za ka iya ƙirgawa kana tsaye, yana da mata da 'ya'ya shida, kuma geron da yake ɗaukewa ba ya kai shi watan huɗu. Ba rago ba ne, ya fi kakanmu wahala a gona. Saura ta ƙare, ƙasa ba ta hutawa, takin gargajiya ya yi ƙaranci saboda dabbobin ma ba su da wurin kiwo, na zamani kuwa sai mai hali. An noma burtali, an noma makiyaya, an noma har bakin rijiya. Rikicin manoma da makiyaya da muke kuka da shi yana da tushe a nan, kuma ba sabo ba ne: a Toda ta jihar Maraɗi, a 1991, an kashe mutum sama da 100, galibinsu mata da yaran Fulani.

Idan gona ta matse, wa ake fara turewa? Mace. A al'ada mai gida yakan yanka wa matarsa gayauna, ko gamana kamar yadda ake cewa a wajen Maraɗi, ta noma gyaɗarta da wakenta da yakuwarta, abin da ta samu nata ne. Da shi take biki, da shi take zubin adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi kuma take rufa wa gidan asiri idan rumbu ya yi ƙasa. Masu bincike a kudancin Maraɗi sun nuna yadda wannan gayauna ke ɓacewa a ƙauyukan da suka fi cunkoso, har wasu mazan kan fake da kulle, su ce addini ne ya hana mace fita gona, alhali filin ne babu. An karɓe mata gona amma ba a sauke mata nauyi ba. Yaran suna nan suna kallonta da safe. Auren 'yarta yana nan tafe, kuma duk garin zai zo ganin jere. Sai ga maƙwabciyarta ta dawo daga Aljeriya da katifa da zannuwa da kuɗin da ya sayi akuya biyar. Daga nan ba sai an yi mata dogon bayani ba. Za ta ci bashi, ko a jinginar da ɗan filin da ya rage, ta biya kuɗin mota.

Ba yau Bahaushe ya fara tafiya neman abinci ba. Kalmar cirani kanta ta isa shaida: ka je ka ci rani a wani wuri, ka rage wa rumbu baki, ka dawo da kuɗin haraji da na tufafi kafin ruwa ya sauka. Kakanninmu sun je Gwanja fataucin goro, sun je Kumasi da Ankara ta Gana, sun je Kano da Legas da Abijan. Sai dai wannan tafiya ta maza ce, kuma ƙofofinta sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gana ta kori baƙi a 1969. Najeriya ta kore su a 1983, ta kuma rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar fari, abin da ya sa har yau mutanen Maraɗi da Damagaram ke kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. Yaƙi ya ɓarke a Kwaddibuwa a 2002. Libiya, wadda ta ci da dubban gidaje a Damagaram da Tawa, ta wargaje a 2011, 'yan Nijar sama da dubu ɗari suka dawo hannu rabbana. Boko Haram ta kashe kasuwar gabas. Naira ta faɗi, har ɗan ciranin da ya yi wata biyar yana tura baro a Kano in ya canza kuɗinsa zuwa sefa sai ya rasa abin da zai nuna. An sake rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023. Tsohuwar hanyar gyaɗa da ta riƙe yankin a shekarun 1960 kuwa tun farin 1973 da cutar da ta biyo baya ba ta sake miƙewa kamar dā ba. Da ciranin maza ya daina ciyar da gida, sai mata suka fita nasu. Su kuwa ba su da ƙarfin ɗaukar bulo, ba su da takarda, ba su da harshen garin. Abin da ya rage musu aikatau ne da bara, kuma bara ta fi kawo kuɗi idan da yaro a hannu.

A nan ba zan rufe ido ba. Akwai matan da ke karɓar 'ya'yan wasu su tafi da su, bisa yarjejeniyar za a raba abin da aka samu. Akwai mazan da ke zaune a gindin bishiya suna jiran saƙon kuɗin da 'yar shekara shida ta roƙo a titin Aljas ko Oran. Wannan zalunci ne, kuma talauci ba ya wanke shi. Yaron da ya yi shekarun karatunsa yana miƙa hannu a bakin danja an cuce shi cutar da ba ta da magani, ko da ya dawo da rai. A watan Maris na 2022, da gwamnati ta aika jirage Dakar ta kwaso 'yan Nijar sama da dubu da ke bara a can, yawancinsu daga Kance da Magarya, na ji kunyar da kowa ya ji. Sai dai kunyar ta fi kama ni ne a kan abin da ya fitar da su, fiye da hotunan da aka nuna a talabijin. Mutanen Daura da Katsina da Jigawa kada su ɗauka labarin wasu ne. Yaran da ake lodawa a mota bayan girbi a kai su birni da sunan almajiranci, da yawansu rumbu ne ya kore su kafin allo ya kira su. Iyaka ce kawai ta raba, ciwon ɗaya ne.

Magana iri biyu nake ji a kan wannan al'amari, kuma duka biyun suna ba ni takaici.

Ta farko daga waje take zuwa. A 2017, a taron manyan ƙasashe a Hambug, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi maganar ƙasashen da mace ke haihuwar bakwai zuwa takwas, yana nuna cewa ko biliyoyin kuɗi aka zuba musu ba abin da zai daidaita. Irin wannan magana tana ɗora laifin duka a kan cikin mace, kamar ba ta san abin da take yi ba. Matar karkara ta fi mai jawabin sanin lissafinta. Ba ta da fansho, ba ta da inshora, ba ta da gona da sunanta. 'Ya'yanta su ne jarinta, su ne masu ɗebo ruwa, su ne za su riƙe ta in ta tsufa, su ne kuma matsayinta a gidan da kishiya ke haihuwa. Ta taso tana ganin uwarta na binne yara, kuma ko yau yaro ɗaya cikin takwas ba ya kai shekara biyar. Wanda ya ga haka ba zai tsaya a biyu ba. Binciken 2012 ya tambayi matan adadin da suke so, amsarsu ta haura tara, ta maza ta fi haka. Wato ba ƙarancin ƙwaya ne kaɗai ba. Duk shirin da ya zo da kwali-kwali na magani bai taɓa dalilan da suka sa take son tara ba, zai ƙare a cikin kabad ɗin asibiti. Ga kuma zargi da yake haifarwa, mutane su ce Turawa ne ke son rage Musulmi, daga nan har allurar rigakafi ta shiga uku.

Ta biyu tamu ce, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Da ka ɗauko zancen sai a ce maka bakin da Allah ya tsaga ba ya hana masa abinci, a rufe magana. Na yi imani Allah ne mai azurtawa. Amma mutumin da ke faɗin haka ba ya zama a gida da damina ya ce gero zai shuka kansa. Yana auna irinsa, yana ba da tazara tsakanin rami da rami, yana cire wanda ya yi yawa don sauran su yi ƙwari. Kuma iyayenmu ba su taɓa ɗaukar haihuwa a kan haihuwa abin yabo ba. Suna da suna a kanta, kwanika, wasu su ce rurrutsa, kuma abin gori ne. Mace takan tafi wankan gida ta daɗe, takan shayar da ɗa shekara biyu, tsofaffi suna sa ido a kan miji. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma ya tabbata cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don kauce wa ciki, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tazarar haihuwa kayanmu ce tun asali. Mu muka saki al'adar da ke tsare ta, ba mu maye gurbinta da komai ba, sannan muka bar baƙo ya zo yana koya mana ita da harshen da ba ma so.

Kuma mace ce ke biyan kuɗin wannan shiru da jikinta. A lissafin 2012, cikin kowace haihuwa dubu 100 mata 535 ne ke rasa ransu. Kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, rabinsu ma kafin su cika 16. Wanda ya taɓa shiga ɗakin masu yoyon fitsari ya ga yarinya 'yar shekara goma sha biyar da miji ya guje ta, ba zai sake cewa wannan zancen 'yan boko ne ba.

Ƙasashen Musulmi sun bi wannan hanya ba tare da sun bar addininsu ba. A Bangaladash mace takan haifi kusan bakwai a farkon shekarun 1970, yau abin ya dawo wajen biyu. A Iran, ƙarƙashin mulkin malamai, haihuwa ta sauko daga sama da shida a farkon shekarun 1980 zuwa kusan biyu a shekarar 2000. Ba ina cewa mu koma biyu ba ne, wannan hukuncin miji da mata ne a ɗakinsu. Abin lura shi ne yadda aka yi: mata ma'aikatan lafiya 'yan garin suna shiga gida-gida, malaman addini suna cikin maganar tun farko, 'yan mata suna zama a makaranta. A Nijar ɗin ma alamar tana nan. Binciken 2012 ya nuna matar da ba ta shiga makaranta ba takan haifi kusan takwas, wadda ta kai sakandare kuwa kusan biyar. Ba wanda ya tilasta mata. Ta yi aure a makare da 'yan shekaru, ta san hanyar asibiti, tana da abin yi. A Damagaram ɗin nan aka fara shirin makarantar mazaje wajajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma awon ciki da haihuwa a asibiti sun ƙaru a wuraren da aka yi shi. Binciken 2021 ya nuna haihuwa ta sauko 6.2. Abin ya fara motsi. Shugaba Mohamed Bazoum, wanda aka hamɓarar a 2023, ya yi alƙawarin gina wa 'yan matan karkara makarantun kwana don kada nisa ya sa a cire su. Ko wane ne ke kan mulki, wannan tunani bai kamata ya tafi tare da mai shi ba, domin uban da ya ƙi tura 'yarsa wani gari ta zauna a gidan da bai sani ba yana da hujja, kuma ɗakin kwana mai tsaro ne amsar hujjarsa.

Sai dai ko yau haihuwa ta sauko rabi, yaran da za su nemi gona da aiki nan da shekara goma sha biyar an riga an haife su. Suna nan suna wasa a ƙofar gida. Saboda haka zancen ƙasa da aiki ba ya jira. Kuma manoman yankin nan sun riga sun nuna abin da za su iya. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe na gyara maimakon tumɓukewa, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya taki ƙasa, ya ba dabbobi abinci da rani. An ƙiyasta hekta miliyan biyar ta farfaɗo ta haka, da itatuwa kusan miliyan 200. Kuma inda abin ya fi kama ƙasa shi ne inda mutane suka fi yawa, su Magarya da Matamaye da Mirya. Yawan jama'a bai hana su gyara ƙasa ba, shi ma ya tilasta musu. Amma gawo ba zai mayar da rabin hekta ta ci da mutum tara ba. A kwarin Korama ruwa yana kusa, 'yan mitoci kaɗan a ƙasa. Rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da fili da aka rubuta da sunan ƙungiyar mata don kada a karɓe ranar da ya fara kawo kuɗi, da hanyar da za ta fitar da tumatir kafin ya ruɓe, waɗannan sun fi jirgin kwaso mabarata arha, sun kuma fi shi daɗewa.

Saura tafiyar kanta. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, da matsin lamba da kuɗin Tarayyar Turai. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai ta kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro ta bi ta inda in mota ta mutu ba mai gani, kuɗin mota kuma ya ninka. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar. Sokewar ta sauƙaƙa wa direbobin Agadas, amma ba ta canza komai a ɗaya ɓangaren iyaka ba. Tun Disamba na 2014 Aljeriya ke lodo 'yan Nijar a manyan motoci tana dawo da su bisa yarjejeniya da Yamai. Wasu baƙin kuma, 'yan sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, akan sauke su a tsakiyar hamada su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai.

Ra'ayina shi ne gwamnati ta daina ɗaukar cirani a matsayin abin kunya da za a ɓoye, ta zauna da Aljeriya da Libiya a kan takardar aikin wucin gadi ga manya. Gonakin kudancin Aljeriya da gine-ginenta suna cike da hannun 'yan Nijar, kowa ya sani. Idan miji zai iya tafiya wata shida da takarda, ya yi aiki, ya aiko da kuɗi ta hanyar da ba za a ƙwace ba, ya dawo kafin shuka, yawancin matan nan ba za su taɓa hanyar Arlit ba. A lokaci guda a tsananta a kan fitar da yara: duk wanda aka kama da 'ya'yan da ba nasa ba a tashar Damagaram ko ta Agadas ya fuskanci alƙali, haka uban da ya ba da su, kuma masu gari da limamai su faɗa a fili cewa kuɗin barar yaro ba abin alfahari ba ne a ranar biki.

Matar da aka dawo da ita a motar Aljeriya takan kwana a Agadas, a rubuta sunanta, a kawo ta Damagaram, daga nan a sa ta a motar Matamaye. Sau da yawa kayan da ta tara sun tsaya can inda aka kama ta. A ƙauye mai bashin da ya ba ta kuɗin mota yana jiranta, gonar da aka jinginar tana hannun wani, yaran da ta dawo da su sun wuce shekarun shiga aji ɗaya. Shi ya sa ma'aikatan da ke karɓarsu a Asamaka sukan ga fuska ɗaya sau biyu, sau uku.